Kara da dusa: Lissafin da mai kiwon tumaki ya kamata ya yi tun kaka

Babbar Sallar 2025 ta kama ranar 6 ga watan Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kimanin kwana 11. Ma'anar wannan ga mai kiwo a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu ita ce, wata biyu zuwa uku da ake ɗauka ana turke ragon layya yanzu sun faɗa tsakiyar bazara, lokacin da ciyawa ta ƙone, harawa kuma ta yi tsada. Saboda haka ne nake ganin tun a kaka ake ƙulla riba ko faɗuwar kiwo, ba ranar da aka kai rago kasuwar Shuwarin ko Maigatari ba.

Da yawa daga cikinmu ma'aikata mukan sayi Balami ko Uda ko 'Yankasa mu ɗaure a gida, mu jibga masa karan dawa, sannan mu yi mamakin ramarsa. Dalilin a fili yake. Busasshen kara bai cika wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na furotin ba, wato sinadarin gina jiki, alhali ƙananan halittun da ke narkar da abinci a tumbin tunkiya suna buƙatar kimanin kashi 7 kafin su yi aikinsu. Idan ba su samu ba, sai kara ya daɗe a tumbi, ci ya ragu. Ciki ya cika, amma tsoka ba ta ƙaru ba.

Maganin yana cikin gonarmu. Harawar gyaɗa da ta wake sun ninka kara furotin, muddin an ɗaure su kafin ganye ya zube, aka kuma kare su daga rana. Wannan ne ya sa cibiyar IITA da ke Kano ta daɗe tana fitar da irin waken da ke ba da tsaba da harawa tare. A kan harawa sai a ɗora ƙari mai ƙarfi: dusar alkama ko ta masara, da ƙulin angurya, da ɗan gishiri. Rago kan ci busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinsa a yini. Mai kilo 30 ke nan zai ci wajen kilo ɗaya. Ya isa kashi ɗaya cikin uku na wannan ya zama ƙarin, ragowar kara da harawa. A daddatsa karan kuwa, domin dogon kara ganyensa kawai dabba ke tsinka ta tattake saura.

Sai dai akwai hattara. Wanda ya buɗe wa rago buhun hatsi rana ɗaya yana iya wayar gari ya same shi a kumbure, domin tumbi na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba. Dusa zalla kuma takan haifar da tsakuwa a mafitsara ta toshe fitsarin rago, musamman idan ruwan sha ya yi ƙaranci. Haka nan abinci ba ya amfanar dabbar da tsutsar ciki ta cinye. A fara da maganin tsutsa da rigakafi daga likitan dabbobi.

Ilimin nan ba baƙo ba ne. Cibiyar NAPRI da ke Shika, Zariya, ta daɗe tana bincike a kansa, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 da tsangayarta ta aikin gona. Abin da ya rage shi ne hukumar JARDA da malaman gona su isar da shi cikin Hausa ga matan da akasarin tumakin gida ke hannunsu, a kuma taimaka wa ƙungiyoyinsu da injin datsa kara.

Mu kuma masu albashi, mu sayi harawa a watan Nuwamba tana araha, kafin mu sayi rago. Tun ran gini ran zane.