Dashen Gyara Tsakanin Rassan Manhaja: Iyakokin Tsinto, Madadinsa da Wajibcin Rubuta Bayani

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda ake ɗaukar gyara daga wani reshe na manhaja a dasa shi a wani, ta hanyar amfani da manhajar Git. An fayyace yadda umarnin cherry-pick, wanda maƙalar ta kira tsinto, yake aiki, da wuraren da yake gazawa, da hanyoyin da za su iya maye gurbinsa. An ɗauki tabbatattun rassan ƙwayar Linux a matsayin babban misali, tare da waiwayar aikin Git da na Debian. Maƙalar ta nuna cewa tsinto ba ya barin alaƙa a cikin tarihin manhaja, saboda haka bayanin da mai dashe ya rubuta shi ne shaidar da ke saura.

Muhimman kalmomi: Git, reshe, ƙunshi, dashe, tsinto, haɗewa

1.0 Gabatarwa

Babbar manhaja ba ta rayuwa a siga ɗaya. Ana fitar da sabuwar sigar ƙwayar Linux kusan kowane mako tara ko goma, amma wayoyin Android da manyan kwamfutocin kamfanoni sukan zauna a kan tsohuwar siga shekaru da dama. Siga ta 4.4, alal misali, ta fito a Janairun 2016, an kuma ci gaba da kula da ita har Fabrairun 2022. Idan aka gano ɓarakar tsaro aka toshe ta a babban reshe, tilas ne a kai wannan gyara ga tsofaffin rassan, ba tare da an kwaso musu dubban sauye-sauyen da ba su nema ba. Wannan aiki shi ne dashe. Gyaran da aka dasa ba daidai ba yana iya barin ƙofa a buɗe alhali takardu sun nuna an rufe ta, ko kuma ya haifar da sabuwar matsala a na'urar da take aiki lafiya.

2.0 Ma'anar Kalmomi da Yadda Tsinto ke Aiki

Linus Torvalds ne ya ƙirƙiri Git a Afrilun 2005, Junio Hamano kuma ya karɓi ragamarta a cikin wannan shekara. A cikinta, kowane sauyi da aka adana yana zama ƙunshi, wato hoton dukkan fayiloli a wannan lokaci tare da sunan marubuci, lokaci, saƙon bayani, da ishara zuwa ga ƙunshin da ya gabace shi, wanda ake kira mahaifi. Daga waɗannan abubuwa duka ake lissafa lambar shaidar ƙunshin, mai haruffa 40 a tsarin SHA-1. Reshe kuwa ba komai ba ne face suna da ke nuna ƙunshin ƙarshe na wani jeri.

Idan aka yi tsinto, Git takan duba bambancin da ke tsakanin ƙunshin da ake so da mahaifinsa, sannan ta yi ƙoƙarin aiwatar da wannan bambanci a kan reshen da ake ciki. Abin da ke fitowa sabon ƙunshi ne mai sabon mahaifi, don haka lambar shaidarsa daban ce. Ga idon mutum gyaran ɗaya ne, amma a tsarin tarihin Git ƙunsai biyu ne da babu abin da ya haɗa su. Daga wannan gaɓa mafi yawan matsalolin suka samo asali.

3.0 Iyakokin Tsinto

Na farko shi ne ɓacewar asali. Tambayar da injiniyan tsaro ya fi yi ita ce: shin wannan gyara ya shiga wancan reshe? Umarnin da ke bin jerin iyaye da kakanni zai amsa da a'a, ko da an tsinto gyaran. Git tana da wata dabara mai suna patch-id, wadda ke lissafa shaida daga sauyin kansa ba tare da la'akari da lambar layi ba, kuma da ita umarnin git cherry ke gane tagwayen ƙunsai. Sai dai da zarar an taɓa gyaran da hannu domin ya dace da tsohon reshe, shaidar ta sauya, tagwayen sun daina kama.

Na biyu shi ne dogaro da abin da ya gabata. Gyara yakan kira wani sashen aiki da aka ƙirƙira a ƙunshi na baya, ko ya ɗauka cewa an riga an sauya tsarin wasu bayanai. Tsinto ba ya sanin wannan. Idan an yi sa'a, sai a samu karo, wato Git ta tsaya ta nemi mutum ya warware, ko kuma manhajar ta ƙi harhaɗuwa. Idan ba a yi sa'a ba, komai zai wuce shiru.

Na uku shi ne wannan shirun. Git layuka take kwatantawa, ba ta fahimtar ma'ana. Idan sassa biyu na fayil suna da layuka masu kama da juna, gyaran zai iya sauka a sashen da ba nasa ba, musamman idan an aiwatar da shi a matsayin faci. Haka kuma layi zai iya sauka daidai amma ma'anarsa ta bambanta: a rubutun ƙwayar Linux ana yawan amfani da goto domin tsallakawa zuwa wurin share abin da aka ɗauka idan kuskure ya faru, kuma sunan wurin zai iya zama ɗaya a rassan biyu alhali abin da yake sharewa ya sha bamban. Rashin karo ba shaidar inganci ba ce.

Na huɗu yana bayyana ne idan rassan biyu za su sake haɗewa daga baya. Raymond Chen na Microsoft ya yi dogon bayani a kan wannan a 2018. A ɗauka wani layi yana ɗauke da ƙimar A lokacin da rassa biyu suka rabu. An mayar da shi B a reshe na farko, aka tsinto sauyin zuwa na biyu. Daga baya aka gano B kuskure ce, aka koma A a reshe na farko kaɗai. Ranar haɗewa Git za ta duba wurare uku: tushen da suka yi tarayya yana da A, reshe na farko yana da A, na biyu yana da B. A lissafinta reshe na biyu ne kawai ya yi sauyi, saboda haka B za ta yi nasara ba tare da wani karo ba. Kuskuren da aka cire ya dawo, babu wanda aka sanar.

Akwai kuma ƙunshin haɗewa, mai iyaye biyu. Ba a tsinto shi sai an faɗa wa Git, da zaɓin -m, wane mahaifi za ta ɗauka a matsayin tushe, kuma sakamakon yakan dunƙule aikin ƙunsai da yawa wuri guda.

4.0 Hanyoyin da ke Maye Gurbinsa

Hanya mafi tsafta ita ce haɗewa zuwa sama, wadda aikin Git kansa yake bi, kamar yadda takardar gitworkflows ta bayyana. Ana yin gyaran a reshe mafi tsufa da ke bukatarsa, wato maint, sannan a haɗe shi zuwa master. Ƙunshi ɗaya ne da lamba ɗaya a ko'ina, tarihi kuma yana amsa tambayar injiniyan tsaro kai tsaye. Sharaɗinta shi ne a san tun farko cewa tsohon reshe na bukatar gyaran, wanda sau da yawa ba a sani sai daga baya.

Ta biyu dangin ta farko ce: a nemo tushen da rassan suka yi tarayya da umarnin merge-base, a tsirar da ɗan ƙaramin reshe daga nan, a yi gyaran a kansa, a haɗe shi cikin rassan biyu. Ta haka tushen tarayya yana matsowa ya ƙunshi gyaran, matsalar A da B ta kau. Amfaninta yana raguwa idan rassan sun yi shekaru da rabuwa.

Idan jerin ƙunsai ne ake son kwashewa gaba ɗaya, umarnin rebase tare da zaɓin --onto yana sake shimfiɗa su a kan sabon tushe. Wannan tsinto ne a jere, don haka ya gaji iyakokinsa, ya kuma ƙara da sake rubuta tarihi, abin da ba ya dacewa da reshen da wasu suka riga suka ɗauka. Inda tazara ta yi nisa ƙwarai, abin da ya rage shi ne a rubuta gyaran sabo domin tsohon reshe, ko a shawarci masu amfani su ɗaga zuwa sabuwar siga.

Wasu manhajojin sun gwada adana alaƙar da kansu. Subversion ta shigo da svn:mergeinfo a siga ta 1.5 a 2008, umarnin graft na Mercurial kuma yana ajiye lambar ƙunshin asali a cikin sabon. Dukkansu suna faɗin inda gyara ya fito, ba sa faɗin ko ya yi aikin da aka ɗauko shi dominsa.

5.0 Rubuta Bayani: Darasi daga Linux da Debian

Tabbatattun rassan Linux, waɗanda Greg Kroah-Hartman da Chris Wright suka fara a 2005, ba sa haɗewa da babban reshe, saboda haka dashe ne hanyarsu. Abin da ya riƙe tsarin shi ne ƙa'idojin da ke cikin takardar stable-kernel-rules. Gyaran, ko makamancinsa, dole ya riga ya shiga babban reshe, domin kada wanda ya ɗaga zuwa sabuwar siga ya tarar da ɓarakar da aka toshe masa a tsohuwa. Kada ya wuce layi 100. Saƙon ƙunshin da aka dasa yana ɗauke da lambar na asali. Alamar Fixes: tana nuna ƙunshin da ya haifar da matsalar, wanda ke bayyana rassan da abin ya shafa, alamar Stable-dep-of: kuma tana nuna cewa an ɗauko wani ƙunshi ne kawai domin wani ya dogara da shi. Mafi muhimmanci, idan gyaran ya saɓa wa na asali, wajibi ne a rubuta yadda ya saɓa da dalili.

Debian ta bi irin wannan tafarki da ƙa'idar DEP-3, inda faci kan ɗauki filin Origin da ke bambance wanda aka ɗauko yadda yake da wanda sai da aka yi masa kwaskwarima. Bukatar bayani ta wuce masu rubuta manhaja. Red Hat tana dasa gyaran tsaro ba tare da sauya babbar lambar siga ba, shi ya sa manhajojin binciken tsaro da ke duba lambar siga kawai sukan yi ƙarar ɓarakar da aka riga aka toshe.

Bisa ga haka, bayanin dashe mai inganci zai ƙunshi lambar ƙunshin asali, wadda zaɓin -x ke rubutawa da kansa. Jerin ƙunsan da aka ɗauko domin dogaro. Kowane karo da yadda aka warware shi. Abin da aka bari da gangan. Da gwajin da aka yi a kan reshen da aka dasa wa. Umarnin range-diff, da ya zo a Git 2.19 a 2018, yana taimaka wa mai bita ya kwatanta na asali da na dashe. Idan aka yanke shawarar ƙin dasa wani gyara, wannan ma ya cancanci rubutu, domin kada wani ya maimaita binciken bayan shekara biyu.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa zaɓin hanya ya dogara ne da makomar rassan. Idan za su sake haɗewa, haɗewa zuwa sama ko ƙaramin reshe daga tushen tarayya sun fi aminci. Idan sun rabu har abada, kamar na Linux, tsinto ya dace, da sharaɗin a gwada sakamakon a kuma rubuta asalinsa da duk inda ya kauce. Ya kamata kowane aikin manhaja mai rassa da yawa ya tanadi rubutacciyar ƙa'ida da ke faɗin hanyar da ya zaɓa, abin da ba ta iya yi, da lokacin da za a koma ga wata.