Kafin A Ɗora Wa Bishiya Zarto

Duk shekara idan bazara ta kai ƙarshe, hadarin farko ya taso da iskarsa, washegari sai a wayi gari da rassan dalbejiya zube a kan tituna: wani ya tsinka wayar lantarki, wani ya danne rumfar mai shayi, wani ya lotsa rufin mota. Jama'a su taru su yi jaje, a ce iska ce. Iskar dai ita ta ƙarasa aikin. Amma wanda ya tsaya ya duba bakin karayar, sau da yawa zai ga cikin itacen ya yi baƙi ya ruɓe, kuma daidai wurin akwai tabon wani tsohon sara da aka yi da adda ko gatari shekaru da suka wuce. A gefen wannan saran reshen ya tsiro, can kuma ya ɓalle.

A Birtaniya da Amurka da Jamus, gyaran bishiya sana'a ce mai zaman kanta, da makaranta da jarrabawa da takardar shaida, har ana kiran masu yin ta likitocin bishiya. Sana'ar ta daɗe. John Davey, wani mai aikin lambu haifaffen Ingila da ya yi ƙaura zuwa jihar Ohio ta Amurka, ya kafa kamfaninsa a 1880, ya kuma wallafa littafinsa The Tree Doctor a 1901. Mutanen zamaninsa sun ɗauki bishiya tamkar jikin ɗan Adam ne: idan ta yi kogo sai a kankare ruɓar a cike da siminti, idan an yanke reshe sai a shafe wurin da kwalta ko fenti don ya warke. An shafe shekaru masu yawa ana haka da kyakkyawar niyya, ana kuma cutar da bishiyoyin.

Wanda ya rusa wannan fahimta shi ne Alex Shigo, masanin cututtukan itace a hukumar gandun daji ta Amurka, wanda ya rasu a 2006. Abin da ya yi ba wani siddabaru ba ne. Ya riƙa tsaga bishiyoyi da zarto ta tsawonsu, dubbai, yana bin sawun kowane tsohon rauni ya ga inda ruɓa ta bi da inda ta tsaya. A 1977 ya fito da bayanin da har yau ake koyar da shi: bishiya ba ta warkewa. Naman da aka yanka ba ya komawa yadda yake. Abin da take yi shi ne ta killace wurin, kamar maigidan da ɗaki ɗaya ya rufta masa a damina, sai ya gina katanga ya toshe shi, ya ci gaba da zama a sauran ɗakunan yana ƙara sababbi. Bishiya tana toshe hanyoyin ruwan da ke sama da ƙasan raunin, ta zuba wasu sinadarai masu hana ruɓa yaɗuwa, sannan sabon itacen da take ƙarawa kowace shekara ya rufe wurin ta waje. Raunin yana nan a ciki har ranar da za ta faɗi.

Daga nan ne duk ƙa'idojin yankan reshe suka samo tushe. Ka duba gindin kowane reshe, daidai inda ya haɗu da gangar jikin bishiya, za ka ga wani kumburi ya zagaye shi. Wannan wuyan na uwar bishiyar ne, ba na reshen ba, kuma a cikinsa katangar kariya take. Wanda ya yanke reshe daidai da gangar jiki, ya shafe wuyan don wurin ya yi sumul, ya buɗe wa ruɓa ƙofa zuwa cikin bishiyar. Wanda kuma ya bar dungu mai tsawo, dungun zai mutu, ya zama abincin gara da ƙwayoyin ruɓa, ya hana ɓawo rufe wurin. Yankan kirki yana faɗawa ne dab da wuyan, ba tare da an taɓa shi ba. Reshe mai nauyi kuwa sau uku ake yankansa: a fara ɗan tsaga shi ta ƙasa, nesa kaɗan da gindi, sannan a yanko ta sama gaba da wannan tsagar har ya faɗi, daga ƙarshe a cire guntun da ya rage. Tsagar farko ita ce ke hana nauyin reshen ya yage ɓawo ya sauko da shi har ƙasa. Fenti da kwalta da baƙin mai kuma ba sa hana ruɓa. Wani lokaci ma danshi suke riƙewa.

Aikin da ya fi kowane muni, kuma shi ya fi yawa a garuruwanmu, shi ne a datse kan bishiya gaba ɗaya a bar ta tsaye da dungaye. Ana yin haka ne don tsoron kada ta faɗo wa gida, alhali abin da ake gudu shi ake shukawa. Ganye shi ne ke dafa wa bishiya abinci. Idan aka raba ta da shi a wuni ɗaya, sai ta fito da toho barkatai a bakin kowane sara don ta tsira da ranta. Wannan tohon yana girma da sauri, amma a saman itacen kawai ya kama, ba shi da tushe a ciki irin na reshen asali, kuma a ƙarƙashinsa dungun na ruɓewa. Bayan 'yan shekaru sai a sami rassa masu nauyi zaune a kan ruɓaɓɓen itace. Shi ya sa masu sana'ar ba sa cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, ko da matsi kashi ɗaya cikin uku, na ganyen bishiya a lokaci guda. Sun fi son a gyara ta tun tana ƙarama, lokacin da ƙaramin zarton hannu ya isa, raunin kuma bai wuce faɗin kwabo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Mafi yawan saiwoyin bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa ne, suna kuma bazuwa har su wuce inuwarta. Ƙa'idar gine-gine ta Birtaniya ta ce a bar wa bishiya fili mai nisan kaurin gangar jikinta sau 12 ta kowane gefe, ba haƙa ba jibge kaya. Idan aka haƙa kwata a gindin bishiya aka datse saiwoyin gefe ɗaya, za ta iya ci gaba da kore shar shekara da shekaru, sai ranar da ƙasa ta jiƙe iska ta kaɗa ta kife gaba ɗaya.

Batun ran mai hawa ya fi na bishiyar nauyi. Zarto mai inji sarƙarsa tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan saman bakinsa ya taɓa itace ba zato, yakan yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi a fuska kafin ƙiftawar ido. Saboda haka ma'aikaci a Birtaniya ba ya tayar da inji sai da hular kwano, da kariyar ido da kunne, da takalmi mai ƙarfi, da wani wando na musamman da aka cusa wa dogayen zaruruwa, waɗanda ke fitowa su cushe injin su tsayar da shi idan sarƙa ta taɓa ƙafa. Tun bayan dokar aiki a wuri mai tsawo ta 2005 ake ta ƙara tsaurara sha'anin hawa, har aka kai yanzu ana so mai hawa ya rataya da igiya biyu, kowace da nata maɗauri, don idan ɗaya ta tsinke ko zarto ya ci ta, ɗayar ta riƙe shi. Ba a hawa kuma sai akwai wani a ƙasa wanda ya iya hawa, da kayansa a shirye, domin mutumin da ya ji rauni yana reto a igiya ba zai iya jiran motar kashe gobara ba. Manyan guntaye da igiya ake sauko da su a hankali, ba wurgo su ake yi ba. Idan bishiyar za a kayar, ana nisantar da kowa da tsawonta sau biyu, mai yanka kuma ya share hanyar gudunsa tun kafin ya fara.

Ka kwatanta wannan da yaron da ake kira a unguwa ya hau mangwaro ko dalbejiya ƙafa ba takalmi, adda a hannu ɗaya, ɗayan riƙe da reshe, yara na wasa a ƙasa, wayar lantarki tana gilmawa ta cikin ganye. Ɗanyen itace yana ɗaukar wuta, manyan wayoyi masu ƙarfin bolt 11,000 da 33,000 kuwa ba sai an taɓa su ba, kusantarsu ma ta isa. Duk reshen da ya kai waya, ba aikin kowa ba ne sai an kira ma'aikatan lantarki sun ɗauke wutar. Abin da ake biyan irin wannan yaro bai kai kuɗin ɗorin ƙafa ɗaya ba, kuma maigidan da ya tura shi yana da alhaki a wuyansa.

Sai ɓangaren da ya fi sauya sana'ar a 'yan shekarun nan, wato gane cewa bishiya gida ce. Masu bincike a Birtaniya sun lissafa halittu 2,300 da ke rayuwa da bishiyar oak, daga tsuntsaye zuwa ƙwari da naman kaza, kuma da yawansu matacciyar itace da koguna suke buƙata, wato ainihin abin da masu gyara na da suke kankarewa. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, don haka daga Maris zuwa Agusta ba a taɓa bishiya sai an duba. Makwancin jemage kuwa doka ta kare shi ko da jemagen ba ya ciki. Tsohuwar bishiya da ta fara mutuwa, maimakon a tumɓuke ta, sai a rage mata nauyi a bar gangar jikin a tsaye, guntayen kuma a jibge su a gefe su ruɓe. Wani lokaci ma bencin da ke ƙarƙashinta ake ɗaukewa, ko a karkatar da hanyar, a ƙyale bishiyar.

Masu yin haka suna da hujjar lissafi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa haɗarin bishiya ta faɗo ta kashe mutum a wurin jama'a kusan ɗaya ne cikin miliyan 10 a shekara. Tsoro ya fi haɗarin girma, kuma tsoro ko son sauƙi sun kayar da bishiyoyi masu lafiya ba adadi. A birnin Sheffield, wata kwangilar gyaran tituna ta shekara 25 da aka fara a 2012 ta kai ga sare bishiyoyi sama da 5,000, cikin 17,500 da aka tanada. Mazauna suka riƙa tsayawa a gindin bishiyoyin, aka kama wasu, har aikin ya tsaya a 2018. Rahoton binciken da Sir Mark Lowcock ya gabatar a Maris 2023 ya ɗora wa majalisar birnin laifi, ita kuma ta fito ta nemi gafara.

Mu ma bishiyoyinmu suna da mazauna, kuma amfaninsu ya fi kusa da tukunyarmu. Furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, jemagu ne manyan masu yi musu barbara. Wanda ya kori jemage daga makwancinsa ya taɓa kalwar daddawa. Shamuwa, wadda manomi ke jira ta yi masa albishir da damina, a manyan bishiyoyin cikin gari take sheƙa, abincinta kuma fara ce. Cilakowa tana shiga kogon itace ta liƙe bakinsa, ta bar 'yar tsaga da namijin zai riƙa miƙo mata abinci, a ciki kuma take zubar da gashin fukafukanta. Idan aka kayar da bishiyar a wannan lokaci, ita da 'ya'yanta babu mai iya tashi. Kogon da ake gani kamar aibi, shi ne kuma mazaunin zuma. Ba ina cewa a bar ruɓaɓɓen reshe yana reto a kan ajin makaranta ba. A cire shi, amma a duba tukuna, kuma idan ba gaggawa a bari sai kaka ta wuce, 'ya'yan tsuntsaye sun tashi.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Masu tarihi sun ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan sare gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta bar gero ya sha rana, ta kuma ciyar da dabbobi da rani. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya da manoman wurin suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a ƙone kututturen da ya yi toho a gona, sai a zaɓi 'yan rassa mafi ƙarfi, kamar biyar, a cire sauran da wuƙa ko adda mai kaifi, a yanko daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a bar ganyen sama. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar, Rinaudo kuma ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Manomin da ke yanko reshe daga ƙasa don ɓawo, darasin Shigo yake aikatawa ba tare da ya taɓa jin sunansa ba.

Bishiyar cikin gari ce ta rasa mai ita. Ana kashe kuɗi a dasa kowace damina, amma ba a ware komai don kula da wadda ta riga ta yi shekara 50 tana ba da inuwa. Muna da kwalejin gandun daji a Jos, da wata a Afaka kusa da Kaduna, da jami'an gandun daji a ƙananan hukumomi. Kwas na 'yan makonni zai isa a koya wa matasan da suke wannan aiki dama yadda ake gane wuyan reshe, da yankan nan uku, da ɗaura igiya, da ceto abokin aiki, a ba su takardar shaida, sannan makarantu da asibitoci da kasuwanni su daina ba kowa aikin bishiya sai mai ita. Zagayen duba bishiyoyin tituna kuma a yi shi da hunturu, domin a cire matattun rassa tun hadari bai fara haɗowa ba.