Gudun Haske da Lokaci: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Har yanzu ana tura wani saƙo a WhatsApp cewa masana a Turai sun gano abin da ya fi haske gudu, wai sun ƙaryata Albert Einstein. Labarin yana da tushe, amma an yanke masa ƙarshe. A shekarar 2011 masu bincike na wani gwaji mai suna OPERA sun auna wasu ƙwayoyi da ake kira niyutirino, waɗanda aka harbo daga cibiyar CERN da ke kusa da Janiba zuwa Gran Sasso a Italiya, tazarar kilomita kusan 730. Sai ma'auninsu ya nuna kamar sun riga haske isa. A 2012 aka gano cewa wata wayar na'urar ce ba ta zauna daram ba. Da aka gyara aka sake aunawa, sai maganar ta bi ruwa.

Haske yana tafiyar mita 299,792,458 a sakan ɗaya a sararin da babu komai. Abin da Einstein ya kafa a 1905 shi ne, ko kana tsaye ko kana bin hasken a guje, gudun da za ka auna ɗaya ne. To, idan gudun ba ya canzawa, dole lokaci da tazara ne za su sassauta. Saboda haka masu cewa Einstein ya ce babu tabbataccen abu a duniya sun yi masa ƙage. A kan tabbataccen abu ya gina nazarinsa gaba ɗaya.

Maganar cewa lokaci yana tafiyar hawainiya ga mai tsananin gudu kuwa gaskiya ce, kuma shaidar tana cikin wayarka. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna yin baya da kusan kashi 7 cikin miliyan na sakan a kullum saboda gudunsu, suna kuma yin gaba da kusan kashi 45 saboda ƙarfin jan ƙasa ya yi rauni a can sama. Bambancin kashi 38 ke nan. Da ba a gyara shi, taswirar waya za ta riƙa kaucewa da kilomita kusan goma kowace rana.

Inda ake ƙarin gishiri shi ne batun 'yan sama jannati da wai suke dawowa da ƙuruciyarsu. Scott Kelly ya yi kwana 340 a tashar sararin samaniya tsakanin 2015 da 2016, ɗan tagwayensa Mark yana ƙasa. Tazarar da ta shiga tsakanin shekarunsu ko sakan ɗaya ba ta kai ba.

Maganar cewa mutum zai iya komawa jiya kuwa, babu gwajin da ya taɓa nuna hakan. Idan aka turo maka irin wannan saƙo, ka tambayi inda aka yi gwajin da shekarar da aka yi shi kafin ka tura wa wani.