Yadda Ake Fahimtar Alƙaluman Aikin Yi Da Rashin Aikin Yi: Bayani Ga Jama'ar Yankin Kazaure

A watan Maris na shekarar 2021, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta bayar da sanarwar cewa rashin aikin yi a Nijeriya ya kai kashi 33.3 cikin 100 a watanni ukun ƙarshe na 2020. A watan Agusta na 2023 kuma hukumar ta sake fitar da wani rahoto, wanda ya nuna kashi 4.1 cikin 100 a watanni ukun farko na wannan shekara. Duk wanda ya ji waɗannan alƙaluma biyu a rediyo, ya kuma dubi matasan unguwarsu a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura, dole ne ya tambayi inda aka samo ayyukan da suka kawo wannan sauƙi. Amsar ita ce, ma'aunin ne aka sauya. Don haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin yadda ake wannan awo, musamman hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne talakawa ke fara tunkara da tambaya.

Da farko, ya kamata a san lokacin da alƙaluman ke fitowa. A ƙasar Amurka ana fitar da rahoton ayyukan yi kowane wata, galibi a ranar Juma'ar farko, shi ya sa ake yawan jin sa a labarun duniya. A nan gida kuwa, tsarin da aka ɗauka a 2023 shi ne jami'ai su riƙa shiga gidaje suna tattara bayanai a dukkan watannin shekara, amma a haɗa sakamakon a fitar da shi na watanni uku-uku. Saboda haka idan wani ya zo da adadin marasa aikin yi na Nijeriya ya ce na wannan wata ne, sai a nemi ya faɗi inda ya samo shi.

A tsohon ma'auni, ana duban mutanen da ke tsakanin shekara 15 zuwa 64. Wanda ya yi aikin awa 40 ko fiye a mako, shi ne mai cikakken aiki. Wanda ya yi awa 20 zuwa 39, yana da ƙarancin aiki. Wanda bai kai awa 20 ba kuwa, ana lissafa shi cikin marasa aikin yi, ko da yana ɗan taɓa wani abu. Sabon ma'auni ya bi ƙa'idojin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, waɗanda masana ƙididdiga suka amince da su a taron da suka yi a birnin Geneva a 2013. A bisa wannan, ana duban duk wanda ya kai shekara 15 zuwa sama, kuma duk wanda ya yi aikin da ake biyansa ko sana'ar neman riba na aƙalla awa ɗaya a cikin kwanaki bakwai da suka wuce, to mai aikin yi ne. Yaron da ya yi dako sau ɗaya a kasuwa, da mai tura ruwa, da wanda ya karɓi aron babur ya yi acaɓa da yamma, duk sun shiga wannan sahu tare da ma'aikacin sakatariya mai albashi.

Wannan batu na awa ɗaya ya jawo ka-ce-na-ce. Daga cikin waɗanda suka soki tsarin har da Dokta Yemi Kale, wanda ya shugabanci hukumar daga 2011 zuwa 2021, bisa hujjar cewa abin da mutum zai samu a awa ɗaya ba zai riƙe shi ba. Hukumar kuma ta kare kanta da cewa ta haka ne kawai za a iya kwatanta Nijeriya da sauran ƙasashe. A ganinmu kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Abin da ba shi da hujja shi ne a jera 33.3 da 4.1 a ce an samu ci gaba, domin tamkar a auna gero da tiya a bara ne, a auna shi da buhu a bana, sannan a ce amfani ya ragu.

To, wane ne mara aikin yi a sabon lissafi? Sai sharuɗɗa uku sun haɗu a kansa: bai yi aikin ko da awa ɗaya ba a wannan mako, yana neman aiki a zahiri, kuma a shirye yake ya fara idan ya samu. Wanda bai cika waɗannan ba, kuma ba ya aiki, ana ajiye shi a rukuni na uku, wato waɗanda ke wajen lissafi baki ɗaya. A nan ake samun ɗalibai, da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, da matan da hidimar gida kaɗai suke yi, da kuma wanda ya nema har ya gaji ya haƙura.

Bari mu ba da misali, ba na wani gari na haƙiƙa ba. A ce ƙauye yana da mutum 100 da suka kai shekara 15. Mutum 60 sun yi aiki a makon, mutum 4 suna nema ba su samu ba, sauran 36 kuma suna rukuni na uku. Ba a cikin 100 ake lissafa mutum huɗun nan ba, a cikin 64 ne, wato masu aiki da masu nema a haɗe. Wannan ya ba da kashi 6 da 'yan kai. Idan biyu daga cikinsu suka fid da rai suka daina nema, sai lissafi ya koma 2 cikin 62, wato kashi 3 da ɗan abu. Adadi ya faɗi da kusan rabi, alhali babu wanda ya samu aiki a ƙauyen. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a murna da saukar adadi sai an duba ko yawan masu aikin ya ƙaru.

Akwai wani sharaɗi da ya shafi yankinmu kai tsaye. Manomin da yake noma domin sayarwa, kamar mai noman riɗi ko gyaɗa, ko mai lambun tumatir da albasa a bakin madatsar ruwa ta Kazaure, ana lissafa shi mai aikin yi. Amma wanda mafi yawan geron da dawar da ya noma rumbu za su shiga domin cin iyali, ba a sa shi cikin masu aikin yi, ko da kuwa tun asuba yake gona har la'asar. Ba raina wahalarsa aka yi ba. Ma'aunin yana bin aikin da ke kawo kuɗi ne kawai. Idan irin wannan manomi bai ce yana neman wani aiki ba, sai ya faɗa rukuni na uku, ya ɓace daga lissafin masu aiki da marasa aiki duka.

Haka kuma rahotannin hukumar sun sha nuna cewa rashin aikin yi ya fi yawa a birane fiye da karkara, kuma ya fi yawa a tsakanin masu ilimi mai zurfi. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san halin zaman ƙauye. Matashin da ya kammala Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure zai iya zama gidan mahaifinsa shekara guda yana aika takardun neman aiki, a lissafa shi mara aikin yi. Sa'ansa da ke wani ƙauyen Gwiwa ba shi da wannan dama, domin idan bai fita ba, ba za a ɗora tukunya ba. Talaka ba ya iya zaman jira, shi ya sa ƙarancin adadin marasa aikin yi a wuri ba ya nufin akwai wadata a wurin. Ita kanta hukumar, a rahotonta na 2022 kan nau'o'in talauci, ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Saboda haka jami'in da ke son sanin haƙiƙanin hali sai ya wuce babban kanun rahoto ya shiga ciki. A watanni ukun farko na 2023, lokacin da aka ce marasa aikin yi kashi 4.1 ne, rahoton ya nuna cewa kashi 12.2 na masu aikin ba su kai awa 40 a mako ba, kuma suna son ƙari. Ya nuna kusan kashi 12 ne kawai ke aikin albashi ko lada, sannan fiye da kashi 92 suna ayyukan da ba su da rajista, babu fansho, babu takardar ɗaukar aiki. Waɗannan su ne alƙaluman da suka fi kama da abin da ido ke gani a tashar mota da kasuwanninmu.

Sai batun yanayin shekara. A watan Yuli, lokacin noman farko, da wuya a samu mai ƙarfi a zaune, ƙwadagon gona ma nemansa ake yi. Bayan an kai amfani gida kuwa, matasa da yawa sukan tafi cin rani Kano ko Legas ko Abuja, waɗanda suka rage kuma aikinsu ya yi ƙaranci. A 2024 adadin ya sauka daga kashi 5.3 a watannin Janairu zuwa Maris, ya koma 4.3 a watannin Afrilu zuwa Yuni. Kafin a ce an samu sauƙi, sai a dubi Afrilu zuwa Yuni na 2023, inda adadin ya kasance 4.2. Ashe kusan yadda ake a bara haka ake. Rani da rani ake kwatantawa, damina da damina.

Wani abin lura ga shugabannin ƙananan hukumomi shi ne, wannan bincike ba ƙidayar jama'a ba ce irin ta 2006. Gidaje 35,520 aka tsara a ziyarta a faɗin ƙasar nan cikin shekara. Idan aka raba su daidai tsakanin jihohi 36 da Abuja, kowace za ta samu 960, idan kuma aka sake raba na Jigawa ga ƙananan hukumomi 27, kowace ba za ta wuce gida 36 ba. Wannan ya isa a yi hasashen halin ƙasa, amma bai isa a ce ga adadin marasa aikin yi a Roni ko Babura ba. Ƙaramar hukumar da ke shirin koyar da sana'o'i ko raba jari tana bukatar nata rajistan, mazaɓa-mazaɓa, tare da taimakon masu unguwanni.

Ga magidanta kuma, idan jami'an hukumar suka yi sallama, a nemi ganin katin shaidarsu, sannan a ba su amsa ta gaskiya. Ba rabon tallafi suke yi ba, ba kuma haraji suka zo karɓa ba, don haka ɓoye sana'a ba ya ƙara wa kowa komai. Inda aka fi samun kuskure shi ne wajen mata. Sau da yawa maigida yakan ce iyalinsa ba ta aiki, alhali tana soya ƙuli-ƙuli, tana tatsar man gyaɗa, tana dama fura ko yin kitso ana biyanta. Duk wannan aiki ne a wurin masu lissafi, haka ma ɗan da ke taya mahaifinsa tsaron shago ko da ba a ba shi lada. Idan hali ya yi, a bar kowane baligi a gidan ya amsa tambayoyin da suka shafe shi da bakinsa.