In Ɓera da Sata, Daddawa ma da Wari

A Amurka da Kanada akwai wani ɗakin tafi-da-gidanka mai tayoyi, wanda iyali kan ɗaura a bayan mota su nufi daji ko bakin tafki yawon hutu. Ciki akwai gado da murhun gas da famfo da bayan gida. Da sanyi ya kama, sai a ajiye shi a harabar gida har watanni biyar ko shida. Ranar da aka buɗe ƙofa, sau da yawa wani ɗoyi ne ke fara tarbar mai shi: katifa ta sha ɓula, kashin ɓera kamar baƙar shinkafa cike da aljihun tebur, wayar lantarki an gwaguye ta har jan ƙarfen ya bayyana.

Mai ɗaki yakan ɗora wa ɓera laifin duka, alhali shi ya yi gayyar. Ɓera na neman abu uku ne: ɗumi, abinci, da abu mai laushi da zai yi sheƙa. Ɗakin da aka rufe da ragowar biskit a ƙarƙashin kujera da tulin barguna a kan gado ya haɗa masa dukan ukun.

Shigarsa kuwa ba ta da wuya. Kafar da fensir zai wuce, wato faɗin milimita 6 ko 7, ta ishi ƙaramin ɓera. Yana hawa ta taya, ta ƙafafun ƙarfen da ɗakin ke tsaye a kai, ko ta wayar wutar da aka jawo daga gida. Daga nan sai ya bi inda bututun ruwa ko na gas ya huda daɓe. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, shi ya sa ba ya rabo da gwaguya. Macen kuma cikin kwana 19 zuwa 21 take haihuwa, 'ya'ya biyar ko shida a lokaci guda, su ma kafin wata biyu sun fara nasu. Ɓera biyu a Nuwamba, kafin Afrilu sun zama gari guda.

Saboda haka aikin farko shi ne toshiya. Masu irin wannan ɗaki suna da wata dabara: da dare a kunna fitila mai haske a ciki, mutum ya kwanta a ƙarƙashi ya duba sama. Duk inda haske ya tsiyayo, ƙofar ɓera ce. Ana cusa soson ƙarfe irin na wanke tukunya a ramin, a liƙe bakinsa, manyan kafofi kuma a rufe su da ragar waya mai ƙananan idanu. Tsumma ko soso mai laushi ba toshiya ba ne, kayan shimfiɗa aka ba shi.

Sai kwashe abinci kaf, har da na kare, a share ɓurɓushi, a fitar da barguna da takardar bayan gida. Abin da dole ya zauna a sa shi a mazubi mai murfi gam. Bayan haka a ɗana tarko a jikin bango, don ɓera gefen bango yake bi, a shafa masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a riƙa leƙawa duk mako. Man na'ana'a da kafur da sabulu mai ƙamshi da wasu ke zubawa, ƙarfinsu na 'yan kwanaki ne. Guba kuwa tana da nata sharrin: ɓera ya ci ya je ya mutu cikin bango inda hannu ba ya kaiwa, ko kyanwa ta cinye mushen ita ma ta tafi.

Asarar katifa ƙaramin abu ce idan aka kwatanta da cuta. A 1993 aka gano wata cutar huhu a kudu maso yammacin Amurka, wadda ƙwayar Hanta ke haddasawa. Sunan ba shi da alaƙa da hantar cikin mutum, daga kogin Hantan na Koriya ya samo asali. Ɓeran daji ke yaɗa ta ta fitsari da kashi, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da ta kama ba ya tashi. A 2012, a gandun dajin Yosemite na Kalifoniya, mutum 10 suka kamu, 3 suka rasu, aka kuma tarar ɓeraye sun yi sheƙa a tsakanin bangon tantunan kwanan baƙi.

Shi ya sa hukumomin lafiya suka hana share kashin ɓera da tsintsiya a bushe, domin ƙurar da ta tashi ita ake shaƙa. A buɗe ƙofa da tagogi na minti 30, a sa safar hannu, a jiƙa wurin da ruwan bilic, awo 1 cikin awo 9 na ruwa, a bar shi minti 5, sannan a goge a ƙulle a leda.

Mu ma wannan gargaɗi ya shafe mu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi tsananta da rani. Motar da ta daɗe a ajiye, shagon da aka kulle aka yi tafiya, ɗakin ajiyar hatsi, duk hukuncinsu ɗaya ne da wancan ɗaki mai tayoyi. Kafin ka sa kwaɗo ka juya baya, ɗauki tocila ka duba ƙasan ƙofa da kusurwoyi, ka toshe duk kafar da fensir zai shiga, ka kuma rufe abincinka.