Muryar da Ke Karyewa da Gangan

Kwanan baya na kunna wa wani ƙanena mai haɗa sauti a situdiyo waƙar Hank Williams ta 1949, "Lovesick Blues". Ko rabi ba ta kai ba ya yatsine fuska. "Yaya, ai wannan muryarsa karyewa take yi. Da ni ne, kwamfuta ta goge wurin tas." Wurin da zai goge ɗin kuwa nan gwanintar take.

Tantani biyu ne a maƙogwaro ke fitar da murya. In suka yi kauri, muryar ƙirji ce ke fita. In suka miƙe suka sirance, sai siririyar muryar da Turawa ke kira falsetto. Mawaƙin opera yakan shekara da shekaru yana koyon ɓoye mahaɗar muryoyin biyu, kamar tela mai tura ɗinki ciki. Mawaƙin country irin su Hank Williams shi kuwa waje yake fito da ɗinkin, ya zama aiki a wuyan riga. Ka tuna muryar yaro mai shirin balaga yadda take zamewa ana dariya. To haka ne, sai dai yaron suɓuce masa take yi, mawaƙin kuwa ya san gaɓar da zai zame a kai, kamar direban da ya san inda zai canza giya a hawa. In sau ɗaya aka yi a tsakiyar kalma, kamar mai haɗiye hawaye, sukan kira shi karyewar kuka. In aka yi ta kai-komo da sauri, sunansa yodel.

Yodel kiran makiyayan tsaunukan Alps ne. Jimmie Rodgers, ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan Mississippi, ya gauraya shi da blues na baƙar fatar Amurka a 1927, ya jera waƙoƙi 13 masu suna "Blue Yodel" kafin tarin fuka ya kashe shi a 1933. Fayafayansa sun kai har Kenya, inda 'yan ƙabilar Kipsigis suka yi masa waƙa, "Chemirocha", aka naɗe ta a 1950.

Mawaƙan salon rockabilly kuma shaƙuwa suka ƙaro. Saurari Buddy Holly a "Peggy Sue" ta 1957: datse maƙogwaro yake yi ya sake, abin da Bahaushe ke yi kullum a "a'a" da "sa'a" ba tare da an biya shi ba. Amma amsa-kuwwar da ke bin muryar Elvis Presley a fayafayansa na farko ba tasa ba ce. Mai haɗa sauti Sam Phillips ne ya haɗa ta da na'urorin tef biyu a Memphis.

Sai twang, kaifin muryar nan da kowa ke rantsuwa ta hanci yake fita. Matse saman maƙogwaro ne. Na sa ƙanen nawa ya kwaikwayi kukan agwagwa, sannan ya toshe hanci. Kukan bai canza ba. Ya yi dariya, ya koma kan aikinsa na goge muryar wani yaro har ta zama irin ta kowa.