Takardar Kuɗi Mai Sa Hannu: Yaushe Ya Dace a Kai Ta Tantancewa?

A Amurka, masu tara kuɗin takarda na farautar dalar da Sakataren Baitulmali ko Ma'ajin ƙasar ya sa wa hannu da biro, kusa da sa hannunsa da aka buga a jikinta. Kafin sayarwa, da yawa kan aika ta kamfanin PMG da ke Florida. Can ake duba lafiyar takardar, a ba ta maki daga 1 zuwa 70, sannan a rufe ta cikin leda mai lamba. Mai saye zai iya shigar da lambar a shafin PMG ta wayarsa, ya tabbatar makin gaskiya ne.

Sai dai aikin ba kyauta ba ne: akwai kuɗin tantancewa, na aikawa da na inshora. Idan takardar ta sha ninki, ko mai sa hannun ba sananne ba ne, kuɗin na iya fin darajarta. Gara ka adana ta cikin leda marar PVC, nesa da rana da danshi.

Kada ka gwada da naira. Dokar CBN ta 2007 ta haramta rubutu a kanta, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne, ko tarar aƙalla ₦50,000, ko duka biyun.